Rajistar Tungar Kaiwa

Shafi na 23

Da sunan Allah muke buɗe wannan shafi, kamar yadda muka buɗe waɗanda suka gabace shi. Masu aiko da saƙo cewa na jinkirta, na ji ƙorafinku. Labari irin wannan ba a rubuta shi da gudu.

Mun tsaya a inda Dakta Mas'ud Haidar, malami a sashen kiwon lafiyar al'umma na jami'a, ya sauka gidan mahaifiyarsa a Anka domin ya kammala takardar neman tallafin bincike. Manufar takardar ita ce a sake bibiyar yara ɗari biyu da goma sha huɗu na Tungar Kaiwa, waɗanda aka gwada jininsu shekara goma sha uku da suka wuce, lokacin da gubar dalma ta shiga gidaje ta hanyar niƙan dutsen zinari. Duk wanda sunansa ke cikin tsohuwar rajista za a duba lafiyarsa, a auna ƙwaƙwalwarsa, a koya masa sana'a gwargwadon abin da gubar ta bar masa. Wanda ba ya ciki, ba ya ciki. Jiya Laraba aka karanta sunayen a bainar jama'a, a makarantar firamaren da mutanen Tungar ke zaune tun da rashin tsaro ya tashe su daga garinsu, maigari kuma ya sa hannu. Yau Alhamis, da ƙarfe huɗu na yamma, hukumar da ke ba da tallafin za ta rufe shafinta na intanet.

*

Hantsi ya ɗaga lokacin da ya kai shafi na arba'in da ɗaya, wato na ƙarshe, a karo na uku. Yana zaune a ƙarƙashin rumfar tsakar gida, kwamfutar tana kan wani ɗan teburi mai gurguwar ƙafa da ya tokare da murfin kwano. Sunayen mutum biyar ne a shafin farko, na Farfesa Ɗanmusa a sama a matsayin shugaban bincike, nasa a can ƙasa. Amma wata huɗu ke nan shi kaɗai yake rubutu, shi kaɗai yake gyara, kuma tun safe babu ko ɗaya daga cikin huɗun da ya kira ya ji inda aka kwana. Sau biyu ana zaman ƙarin girma a jami'a ana tsallake shi, ana ce masa bai taɓa kawo wa sashe tallafi ba. Wannan takarda ita ce amsarsa.

Can gefe, a bakin ɗakinta, Inna Habsu tana tsinke zogale a faifai. Ta ajiye masa fura tun ɗazu ba tare da ta ce uffan ba. Da ta ga bai taɓa ba, sai ta dubi kajin da ke tono a gindin randa.

"A hwaɗa ma mutumen boko, hura tai za ta yi tsami."

"To, Inna."

Shi ne ɗan farinta. A shekara arba'in da huɗu da ya yi a duniya, bai taɓa jin sunansa a bakinta ba, bai kuma taɓa ganin ta dube shi ido da ido ta yi masa magana ba. Idan tana da saƙo, sai ta ba ƙanwarsa, ko ta faɗa wa bango, ko kaji. Wannan ba ƙiyayya ba ce, alkunya ce. Haka ta taras da uwarta, haka uwarta ta taras da tata, kuma a wannan yanki namu har gobe akwai gidajen da ba su saki wannan igiya ba. Mas'ud ya saba. Ko kuma dai ya daɗe da daina tambayar kansa ko ya saba.

Aka yi sallama a bakin zaure.

Wata mace ce ta shigo, siririya, mai kimanin shekara talatin da biyar, hijabinta ya koɗe a kafaɗu. Ta durƙusa gaban Inna, suka gaisa gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gajiya, aka tambayi zafi, aka tambayi zaman baƙunta. Sannan ta juyo, ta ba Mas'ud gefen fuskarta.

"Likita, an kwana lahiya?"

Haka mutanen Tungar suke kiransa tun wancan lokaci, ya gaji da gyara musu.

"Lafiya lau. Sahura ce ko? Matar Sharu?"

"Ni ta."

"Na ga yaranki jiya. Nusaiba ta zama budurwa, Shafi'u kuma ya kusa kamo ni tsawo."

"Sun amsa sunansu, na ji."

Ta shiga murza bakin hijabinta. Mas'ud ya saci kallon agogon kwamfuta.

"Akwai wanda ba a kira ba," in ji ta.

"A gidanku?"

"Awo."

"Wane ne?"

Ta ci gaba da murza hijabin.

"Sahura, yau lokacina ƙanƙane ne. Faɗi sunansa in duba miki."

Ta dubi ƙasa, ta dubi Inna. Inna ba ta ɗaga kai daga faifai ba, amma ita ta amsa.

"Mu'azu taka nuhi. Na farinta. Wanda anka kai yaye wurin kakatai, bai komo ɗakin uwa ba."

Ya buga sunan a cikin rajista. Babu. Ya sake bugawa da wani salon rubutu. Babu. Sai ya buɗe hotunan takardun asali, waɗanda ya cika da hannunsa yana saurayi mai sabon digiri, ya nemo ta gidan Sharu, ya juya mata kwamfutar ko da yake ya san ba ta karatun boko.

"Ga fom ɗinki. Rubutuna ne, ga dangwalen yatsanki. Tambaya ta shida: 'ya'ya nawa gare ki 'yan ƙasa da shekara biyar? Kika ce biyu."

"Biyu nic ce."

"To, ina laifin rajista?"

"Ina kat tambaye ni, Likita?"

"A gidanku mana."

"Tsakar gida. Uwar mijina na zaune bisa turmi. Matan ƙannenai sun kewaye mu, kowa na kallon bakina. Shekarata ashirin da biyu. Mi kaka so in ce?"

"Gaskiya nake so ki ce."

"Da Baturen da kunka zo da shi yat tambaye ni, da ban zaka nan ba. Sai in ce baƙo na, bai sani ba. Kai ɗan Anka na. Nonon Anka kash sha."

Ya ji maganar ta sauka, amma bai yarda ta zauna ba. Ya gyara tabaransa, ya ɗauko muryar da yake amfani da ita a aji.

"Ƙa'idar aikin ita ce a tambayi uwa, a rubuta abin da ta faɗa, ba ƙari ba ragi. Haka aka koya mana, haka ake yi a ko'ina a duniya."

"To tambayi Inna."

"Me?"

"Tambaye ta yadda kat tambaye ni. Ga ta nan zaune."

Bai so ba. Amma mutumin da ya yi sama da shekara goma yana koya wa ɗalibai cewa ba a gudun hujja ba zai iya gudunta a gaban mace mai tallan awara ba. Ya juya kujerarsa.

"Inna, 'ya'yanki nawa?"

Hannun Inna bai tsaya ba. Zogalen ta ba amsa.

"Huɗu Allah Yab ba ni. Raihana, da Sodangi, da Sa'a, sai auta Mardiyya."

Ta ci gaba da tsinka.

Tsakaninsa da ita bai fi taku huɗu ba. Furar da ta dama masa da hannunta tana nan kusa da ƙafarsa, ƙuda ɗaya yana zagaya faifan da ta rufe ta da shi. Ya san amsar tun kafin ya tambaya. Ya san ta tun yana ɗan shekara shida, ranar da malamin rigakafi ya zo gidan nan ya yi irin wannan tambaya, shi yana tsaye riƙe da bakin zanenta. Ya san ta a ranar da ya tsaya a tsakar gidan Sharu da fom da biro. Sanin ne kawai bai bi shi cikin fom ɗin ba.

"Ba maganar takarda ta kawo ni ba," in ji Sahura. Muryarta ta yi ƙasa. "Takarda laihina ce, na ɗauka. Akwai abin da ya biyo baya."

"Ina ji."

"Kwana tara bayan nan kunka kafa rumfa bakin masallaci, kuna ɗibar jini. Ni ban iya kai shi da kaina, ka san haka. Sai nir roƙi tsohuwa, kakatai. Gidanta anka aje injin niƙa, Likita. Cikin garin dutsen nan shika kwana, cikinai shika wasa. Ƙafafunai sun fara rawa. Tag goya shi, yaro ɗan shekara huɗu, tat tai da shi."

Mas'ud ya cire tabaransa.

"Sai ta ishe wani mutum gaban teburi da babban littafi. Tac ce, ga yaro. Yab buɗe littafi, yab bi da yatsa tun daga sama har ƙasa, yac ce..."

Ba ta buƙatar ƙarasawa. Ya tuna tsohuwar. Baƙin zanen saƙi, haƙora jajaye da goro, 'yar kunne a kunne ɗaya. Ya tuna yaron da ke bayanta, kansa ya langaɓe a kafaɗarta, da laya a wuyansa. Ya tuna layin mata da ya miƙe har gindin tsamiya, da kwalaben gwaji da aka turo daidai da adadin sunayen da ke rajista. Ya kuma tuna muryarsa, mai ladabi, mai tsafta, muryar yaron kirki da ke bin doka:

"Iya, ba ya cikin rajista. Ƙa'ida ce. Ki dawo da shi idan an buɗe zagaye na biyu."

Ba a taɓa buɗe zagaye na biyu ba.

"Ni ne," in ji shi.

"Kai na."

Ba da zafi ta faɗa ba. Da ta yi masa ihu da ya fi masa sauƙi.

"Yana ina yanzu?"

"Shina nan makaranta inda muka zaune. Shekara sha bakwai. In an ba shi tsintsiya, shina shara har sai an karɓe. In an aike shi, sai shi tsaya bisa hanya shi mance inda za shi. Jiya da kuna kira, shina tsaye bayan taga." Ta ja numfashi. "Duk sunan da anka kira, sai shi ɗaga hannu."

Kajin sun bar gindin randa sun koma bayan rumbu. A maƙwabta wata tana daka, tana tsayawa, tana ci gaba.

"An hwaɗa," in ji Inna ga faifanta. "Tun wancan lokaci an hwaɗa. Ba a ji ba."

Ya ɗauka tsohuwar nan mai goyo take nufi. 

"Shi kaɗai ne?" ya tambayi Sahura.

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi ta hanci.

"Rubuta, Likita, tun da rubutu ka iya."

Nata ne kawai harshenta ba ya ɗauka. Na sauran mata kuwa, sai ta shiga jero su kamar mai karanta wasiƙa, gida bayan gida, tun daga bakin rijiya har ƙofar gabas ta garin da yanzu ciyawa ta cinye.

"Lawwali na Tumba. Lawwali na gidan maƙera. Balki ta Hajo, Allah shi jiƙanta, ba ta kai bana ba. Ummaru na Ige. Dije ta Asabe, tana nan, ba ta ji sosai. Wani Lawwali na gidan Liman..."

Yana bugawa, yatsunsa suna kuskure, yana gogewa. Inna ta tuna wa Sahura sunaye biyu da ta manta. Da suka kai ƙarshe, sunaye goma sha tara ne a gabansa, har da Mu'azu. Huɗu daga ciki sun riga mu gidan gaskiya.

Sai wani tunani ya zo masa. Lawwali suna ne da mutanenmu suka saba raɗa wa ɗan fari, har da wuya ka ratsa unguwa a ƙasar nan ba ka ji an kira shi ba. Ya buga shi a cikin tsohuwar rajista. A cikin yara ɗari biyu da goma sha huɗu, Lawwali biyu ne kacal, dukansu jarirai na goye, waɗanda shi da kansa ya gani a bayan uwayensu ya rubuta. Shekara goma sha uku rajistar nan tana hannunsa. Ya yi mata jadawali, ya yi mata zane, ya kai ta taro a Abuja. Bai taɓa tambayar kansa ina Lawwalan garin suka shiga ba.

*

Bayan sallar azahar ya tsaya a zaure, inda waya ke ɗan samun sabis, ya kira Farfesa Ɗanmusa.

"Dakta. Ka tura?"

"Ban tura ba, ranka ya daɗe. Akwai matsala a rajista."

Ya yi bayani daki-daki, bai ɓoye teburin ba, bai ɓoye tsohuwar ba. Farfesa bai katse shi ba ko sau ɗaya, abin da ba halinsa ba ne.

"Mutum nawa suka san wannan magana?"

"Duk matan Tungar Kaiwa, ranka ya daɗe. Mu ne kawai ba mu sani ba."

"Saurara da kyau. Rajistar nan an buga ta a mujallu uku. Ɗalibai bakwai sun yi digiri a kanta. A kowane wuri an rubuta cewa an gwada dukkan yaran garin. Dukkansu. Tun da aka kafa sashenmu, a zamanin shugabanni huɗu da suka gabace ni, ba a taɓa aika takardar da ke ƙaryata aikin sashen ba. Ba a kaina za a fara ba."

"Ba ƙaryatawa ba ce, ranka ya daɗe, gyara ne. Sakin layi ɗaya, da shafi ɗaya na sunaye."

"Ofishin bincike na jami'a ya riga ya buga hatimi a kan wadda ka nuna musu. Ka tura ta yadda take. Idan Allah Ya sa an samu, sai mu duba waɗannan yara a zagaye na biyu."

Mas'ud ya jingina da bangon zauren.

"Zagaye na biyu," ya maimaita.

"Haka na ce."

"Sharaɗi na tara ya ce ba a ƙara mutum ko ɗaya bayan an rufe shafi."

"Kada ka karanta mini sharaɗi, Dakta, na riga ka karanta shi. Kuma ka tuna, sa hannun da ke ƙasan kowane fom naka ne, ba nawa ba. Idan abin nan ya fashe, kai za a fara kira gaban kwamiti. Sau biyu ina tsaya maka a zaman ƙarin girma, ba zan iya tsayawa a kan wannan ba. Ina faɗa maka ne a matsayin uba."

"Na gode, ranka ya daɗe."

"Ka gaida mini Inna. Har yau ban sake cin tuwon dawa irin nata ba."

Ya kashe.

Gaskiya ne, a wancan lokaci da ayarin bincike ya sauka a Anka, daga gidan nan ake kai wa Farfesa abinci har mako uku, kuma kullum da yamma sai ya zo ya durƙusa a wannan zaure ya gaida ta daga bayan asabari. Mutum ne mai kiyaye irin waɗannan abubuwa.

Mas'ud ya duba sunayen da ke wayarsa, daga sama zuwa ƙasa, yana neman wanda zai kira ya yi shawara da shi. Abokan aikin nan uku, kowanne Farfesa ne ya ɗauke shi aiki. Ya kai ƙarshen jerin. Ya mayar da wayar aljihu.

Da ya koma ciki, Sahura tana nan inda ya bar ta, tana taya Inna tsinka. Ba ta tambaye shi komai ba. Ya naɗe wayar caji, ya sa kwamfuta a jaka, ya ɗauki furar da ta riga ta yi tsami ya shanye a tsaye.

"Inna, zan je tasha. Can ne sabis ke da ƙarfi."

Inna ta karkaɗe faifai, ta dubi Sahura.

"Wanga da kika gani, tun shina ƙarami, in ya ɓata abu ba shi barci sai ya gyara. Halin ubanai na."

A shekara arba'in da huɗu, bai taɓa jin abin da ya fi wannan kusa da yabo daga bakinta ba. Ya fita bai waiwaya ba, domin bai amince da fuskarsa ba.

*

Akwai wani ɗan bene a bakin tasha, saman shagon buga takardu, inda duk mai aikin intanet a garin yake ƙarewa. Mai shagon ya miƙa masa makulli.

"Dakta, in kun samu tallahin nan, a sayo ma garinga sabis ko da mudu guda na."

Ya yi masa murmushin da bai kai ido ba, ya hau.

Ɗaki ne mai taga ɗaya, da benci, da kalandar shekarar da ta wuce. A ƙasa 'yan kabu-kabu suna kiran fasinjan Bagega, suna gaggawar cika kafin rana ta yi sanyi, domin yanzu ba mai son yamma ta riske shi a hanya. Ya zauna shi kaɗai. Ƙarfe biyu da rabi.

Sakin layi ɗaya ne, amma ya ci masa fiye da sa'a guda. Da Turanci ya rubuta, ga ma'anarsa:

"Rajistar da wannan bincike ya dogara a kanta ba cikakkiya ba ce. An tambayi iyaye mata adadin 'ya'yansu a gaban surukansu, alhali a al'adar wurin uwa ba ta ambaton ɗan farinta, kuma sau da yawa yana zaune ne a wurin kakarsa. Ta haka yara goma sha tara suka fita daga lissafi, ba a gwada su ba, ba a ba su magani ba. Muna roƙon a sa goma sha biyar da ke raye a cikin wannan aiki. Wanda ya yi tambayar ya san al'adar. Shi ne mai rubuta wannan takarda."

Ya goge jimloli biyun ƙarshe. Ya karanta abin da ya rage, ya ga ya yi kama da rahoton ambaliya, abin da ya faru ba da hannun kowa ba. Ya mayar da su.

Ya gyara adadi a shafi na uku, da na goma sha ɗaya, da jadawalin aiki. Ya liƙa shafin sunaye a ƙarshe, na Mu'azu a farko. Yanzu fayil biyu ne a gabansa, suna kusa da juna, tsohuwar da sabuwar. Tsohuwar tana da hatimi, tana da albarkar Farfesa, kuma ya san a ransa tana da kyan da za ta iya ci. Sabuwar tana da shafi arba'in da biyu.

Ƙarfe uku da minti arba'in da ɗaya ya danna.

Layin ɗorawa ya fara tafiya kamar tsohon jaki. Ya kai rabi ya tsaya. Aka kira la'asar a masallacin tasha, ya amsa kiran a hankali, idonsa a kan layin. Ya motsa. Ya sake tsayawa. Mas'ud ya ɗaga wayar da ke ba kwamfutar sabis, ya miƙa hannu waje ta taga, ya riƙe ta a haka har kafaɗarsa ta fara zafi.

Uku da minti hamsin da biyu, layin ya cika.

Sai wani akwati ya fito, da gurabe shida babu komai a ciki. A ƙarƙashinsu an rubuta cewa an aika lambar tabbatarwa zuwa wayar shugaban bincike, kuma ba za a karɓi takarda ba sai an shigar da ita.

Ya manta da wannan mataki. A duk shekarun da ya yi yana rubuta wa wasu takardu, ba a taɓa barinsa ya kai wannan wuri ba. A ofishin Farfesa ake dannawa.

Kafin ya nemo lambar Farfesa ya kira shi, wayar ta yi ƙara a hannunsa.

"Dakta. Lamba ta shigo wayata."

"Eh, ranka ya daɗe."

"Wacce ka ɗora?"

Farfesa ba ya iya ganin fayil ɗin daga inda yake, sai bayan an rufe shafi. Kalma ɗaya ce. Idan ya ce tsohuwar, za a karanto masa lambobi shida, sunaye goma sha tara su wuce, abin da zai biyo baya ya biyo. Babu shaida a ɗakin sai kalanda. Ya buɗe baki, ya ji kalmar ta hau harshensa ta zauna daram. Sai ya ga ashe abin da zai yi ke nan: ya shigar da gaskiyar yaran ta ƙofar ƙarya, a kan takardar da ya rubuta don ya daina ɓoye gaskiya.

"Ina tambayarka, Dakta."

"Sabuwar na ɗora. Mai sunaye goma sha tara."

 Ya ji ƙarar kujera, ya ji takun ƙafa, ya ji an rufe ƙofa an murza makulli. Uku da hamsin da biyar.

"Mas'ud."

Sama da shekara goma rabon da Farfesa ya kira shi da sunansa.

"Na'am, ranka ya daɗe."

"Kana zaton asirinka kake tonawa."

"Nawa ne. Ni na yi tambayar, ni na zauna a teburin."

"Ranar da muka rufe rajistar nan, da yamma, na je gidanku yin sallama. Na durƙusa a zaure kamar kullum. Mahaifiyarka tana bayan asabari. Ta ce mini, Malam, kahin ku tahi ku leƙa ɗakunan tsohhi, akwai ɗiyan da uwayensu ba su iya hwaɗi. Sau biyu ta maimaita. Na ce mata to. An riga an aika adadi, an riga an turo kwalabe, rahoto yana jiran sa hannuna. Na ce mata to, na tashi na shiga mota."

Mas'ud ya tuna maganar da Inna ta yi wa faifanta. An hwaɗa. Ba a ji ba.

"Inna ce ta faɗa maka?"

"Ni ta faɗa wa. Kana tsaye a tsakar gida a lokacin, ina hango ƙafafunka ta ƙarƙashin asabarin. Kai ne ba ta iya faɗa wa ba. Kai ne na farinta."

A ƙasa an tada iƙama. Gurabe shida suna nan a buɗe, ɗan layin rubutu yana ƙiftawa a na farko.

"Lambar, ranka ya daɗe," in ji Mas'ud.

Numfashin dattijon kawai yake ji.

Agogo ya koma uku da hamsin da takwas.